Buhun Sassaƙen Evaristo

Shekara talatin da takwas ke nan ina hura murhuna da sassaƙen masu yin goge na layinmu, nan Cremona ta ƙasar Italiya. Kowace Asabar da safe nakan tura kekena ƙofa-ƙofa, su miƙo mini buhunan sharar katakonsu. Su a ganinsu shara suke ba ni. Ni kuwa labari nake karɓa. Ban wuce aji huɗu a makaranta ba, amma in na zura hannu a buhu zan gaya maka wanda ya samu aiki, da wanda ya ɓata katako ya ɓoye, da wanda ya yi faɗa da matarsa ya zo ya huce a kan ice. Sunana Zaira, kuma abin da ake faɗa a kaina gaskiya ne: bakina ba ya ajiya.

Buhun da ya fi kowanne kyau na Maestro Evaristo ne, wato babban malamin sana'ar, maƙwabcina na jikin bango. Idan ya fara rarake bayan goge, sassaƙe ne manya-manya masu kauri, farare, masu ratsi, suna kama wuta a hankali su daɗe suna ci. Daga baya, in ya kai ga siranta katakon, sai su koma ƙanana kamar yankan farce. Da hannu yake yin komai, kuma bai taɓa barin wani ya manta da haka ba. Kullum a shagon kofi sai ya buga teburi:

"Inji ba shi da kunne! Wanda ya sa wa katakon goge inji, kujera yake yi, ba goge ba."

Har 'yarsa ta cikinsa, Ornella, bai ƙyale ba. Ranar da ta sayi injin rarake katako ta buɗe nata shagon a hayin kogi, ya ce ta zubar masa da suna. Shekara uku ba ya taka ƙofarta.

To a hunturun da nake ba ku labari, ya karɓi aikin babban goge, irin wanda ake kafawa a ƙasa a rungume da gwiwoyi. Wata makaɗiya ce mai suna Clelia ta ba shi, za ta zo ɗauka kafin bikin Ista. Katakon bayan kuwa ba na wasa ba ne. Mahaifinsa ne ya ɗora shi a rufin shago shekarar da Evaristo ya yi aure, kuma shi ne na ƙarshe. In ya lalace, babu wani.

Ga shi kuma hannayen mutumin sun fara ƙi. Yatsun sun kumbura sun karkace. Likita ya ce masa awa biyu a rana, in ya wuce haka wata rana ko cokali ba zai riƙe ba. Kada ku tambaye ni inda na ji. Matar da ke share wa likitan ofis, benci ɗaya muke zama a coci.

Sai ga abu biyu sun faru tare. Evaristo ya fara zuwa hayin kogi kowace Talata, wai ganin jikoki, da akwatin babban goge a bayan motarsa. Jikoki suna cin akwati ne? Na biyu kuma, buhunsa na Asabar ya ci gaba da zuwa cike taf da manyan sassaƙe kamar na saurayi ɗan ashirin.

Wata Asabar na zuba su a murhu zan tuƙa polenta, tuwon masararmu, sai wuta ta yi fuu, ta cinye su kafin ruwa ya yi ɗumi. Ɗakin ya cika da warin albasa. Na tona buhun na ɗaga guda ɗaya a taga. Babu ratsi ko ɗaya. A gefen wani ma har da ragowar jan fenti na rubutu. Katakon akwatin albasa ne, irin wanda mai kayan miya yake jefarwa a bayan kasuwa.

Na zauna na yi dariya har sai da na riƙe ƙirji. Wato Ornella take rarake masa da inji, shi kuma ya dawo gida ya zauna yana feƙe akwatin albasa da waɗannan yatsun, don kawai ya cika mini buhu. Duk garin nan ni kaɗai yake tsoro. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Amma da dariyar ta lafa sai na yi lissafi. Buhu guda na ƙarya, ai ya ci rabin awannin da likita ya ba shi. Ga kuma aiki mafi wuya yana gaba, wurin da kuskuren kaurin farce zai huda katakon ubansa.

Litinin da hantsi na ɗauki buhun na tura ƙofarsa ba sallama. Yana zaune a benci, bayan gogen a gabansa, an rarake shi tas, fari kamar cikin sabuwar ƙwarya. Hannunsa na dama yana cikin kwanon ruwan ɗumi.

"Zaira, yau ba Asabar ba ce."

"Na dawo maka da albasarka, Maestro. Ka ƙara da tumatir mu yi miya."

Na zazzage buhun a ƙafafunsa. Ya dubi sassaƙen, ya dube ni, kunnuwansa suka yi ja.

"Ban san abin da kike nufi ba."

"Evaristo, na san ka tun kana da gashi. Wa kake yi wa wannan wasan?"

"Ke tsohuwar nan, ba ki da aiki sai shinshina sharar mutane?"

"Ba ni da shi. Kuma na ƙware."

Ya zare hannun daga ruwa ya goge a rigar aiki. Da ya sake magana, muryar ba ta mai buga teburi ba ce.

"Na gwada, Zaira. Kwana biyu na yi ina tura ƙarfen sassaƙa da kafaɗa, na uku na kasa ɓalle maɓallin rigata. Da na kai wa Ornella katakon, ko gori ba ta yi mini ba. Ta karɓa ta ɗora a injinta, kafin in shanye kofi ta gama abin da nake yin mako a kansa. Ta bar mini kauri kaɗan ta ce, 'Baba, sauran naka ne, injin nan ba ya jin komai.'"

"To me ya rage?"

"Shekara arba'in ina zagin mutane! Abokan sana'ata Tullio da Amilcare za su yi mini dariya har in shiga kabari."

"Tullio?" Na ja kujera na zauna, don wannan maganar ba ta tsaye ba ce. "Shekara tara rabon da in ga babban sassaƙe a buhun Tullio. Gari ne kawai irin na inji, in na zuba sai atishawa. Amilcare kuma, wanda yake gefenka yana gyaɗa kai in kana wa'azi, nasa injin yana bayan ɗakin wankin matarsa, an rufe shi da bargo."

Ya buɗe baki. "Ƙarya kike yi."

"Ina ƙara gishiri, amma ba na ƙarya."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa mana! Har limamin coci ya sani. Kai ne ba ka sauraren kowa in ba katako ba ne."

Ya ɗaga bayan gogen da yatsa biyu, ya kai shi kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa. Ya saurara. Ya sake ƙwanƙwasawa can ƙasa.

"Da saura," ya ce. "Nan gefen yana da nauyi."

"Da wane hannu za ka rage shi? Da wanda ka ƙarar a kan albasa?"

Ya ajiye katakon a kan benci. Sai ya ce, "Za ki faɗa, ko?"

"Ka san zan faɗa. Tun shekaranjiya yake yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Amma saboda matarka marigayiya, da ta yi jinyata lokacin da na karye, na ba ka zuwa Lahadi bayan coci. Ko ka riga ni, ko in riga ka. Kuma in ni na faɗa, da albasar zan fara."

Kwana shida na yi da magana a ciki. Ban taɓa shan wahala irin wannan ba. Mai burodi har tambayata ta yi ko haƙori ke damuna.

Ranar Lahadi na riga kowa zama a shagon kofi. Evaristo ya shigo da hularsa ta coci, Ornella a bayansa. Ya tsaya a gaban teburinsu, ya ɗaga hannu zai buga, ya tuna, ya ajiye shi a hankali.

"Inji ba shi da kunne," ya ce. "Na faɗa, kuma ban janye ba. Amma yana da kafaɗa, ni kuwa tawa ta ƙare. 'Yata ce ta rarake mini bayan gogen Clelia. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu, ina da aiki."

Tullio ya sa ido a cikin kofinsa kamar ya yar da wani abu a ciki. Amilcare ya ce, "Ai Maestro, zamani ne..."

"Kai rufe mini baki. Gaishe da bargon matarka."

Shagon ya kwashe da dariya, ba a kansa ba. Haka mutumin nan ya sace mini labari mafi daɗi da na samu cikin shekara goma, har da na bargon, ko godiya babu.

Daga ranar awanninsa biyu suka koma kan katakon ubansa kaɗai. Ta bango nake jin sa: ɗan ƙarfen kankare katako da bai wuce babban yatsa ba yana shafa, shiru, ƙwanƙwasa, shiru. Mako biyar yana haka. Laraba kafin Ista Clelia ta zo, ta zauna a tsakiyar shagon ta ja bakan gogen a kan tsirkiya mafi kauri. Kofunan da ke kan kantata suka amsa. Na ajiye muciya.

Asabar Evaristo ya miƙo mini buhu, bai kai nauyin kaza ba. 'Yan ƙananan sassaƙe ne masu ratsi, kamar yankan farce.

"Wannan ko shayi ba zai dafa ba," na ce.

"Na gaskiya ne dai."

"To ka ajiye mini akwatunan albasar haka nan ɗungurungum. Ina da gatari."