Shafin Baya

Farfesa ba ya taɓa fayil da hannunsa. In ya fito zagayen marasa lafiya, buɗe masa ake yi, daidai shafin da ya yi rubutu jiya. Nan yake karanta kansa yana gyaɗa kai, kamar wani ne ya burge shi.

A gado na shida wani tela ke kwance. Jijiyoyin jininsa sun kumbura, jini ya daina isa yatsun ƙafarsa ta dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Biyu har sun fara baƙi.

"Garkuwar jikinsa ce ta juya masa baya," in ji Farfesa. "A ƙara maganin danne ta."

Ƙaramar likita ta yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ko ƙwayar cutar hanta ce ta tayar da kumburin? In ita ce, danne garkuwa kaɗai ba zai isa ba. Na sa an gwada jininsa, sakamakon yana shafin baya."

"Yarinya, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

'Yan amshin Shatan da ke biye da shi suka kwashe da dariya, har da wanda bai ji abin da aka ce ba. Tir! Manya da su, farar riga har gwiwa.

Matar tela ta sha gabansa. "Likita, ƙafar nan ita ce abincinmu."

Bai ko dube ta ba. Sau biyu ƙaramar likita tana bin sa ofis da takardar gwajin, sakatare na cewa yana taro.

Ran kwana na tara aka yanke ƙafar.

Washegari wata sabuwar nas da ba ta san tsarin ba ta buɗe fayil daga baya ta miƙa. Farfesa ya karanta. Ƙwayar cutar tana nan, baƙi bisa fari, da kwanan wata. 

Ya gyara tabarau, ya juya ga ɗalibansa. "Ku rubuta. Dama tun farko na yi zargin haka."

Suka rubuta kuwa.

Ƙaramar likita ta ji kamar ta tofa masa yawu, amma ta haɗiye. Matar tela ce ta ja gefen rigarta a hankali.

"'Yar'uwa, ke da kika sani. Ana iya taka keke da hagu?"