Takunkumi a Bakin Lasifika

Shekara talatin da biyar mutumin nan yana jan sauti da lasifikoki a zaurukan taro, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Kunne yake ce masa. Kuma ba a banza ba. A zamaninsa yana daga bakin ƙofa zai ce, "Akwatin lasifikar hagu akwai wayar da ta saki," a buɗe a tarar haka ɗin ne. To kunnen nan ne ya fara tafiya, kuma duk duniya Auta kaɗai ta sani. Shi kansa mai kunnen bai sani ba, ko dai bai so ya sani ba.

Auta 'yarsa ce ta ƙarshe, ita kaɗai ta gaji sana'ar, yayyenta duk sun gudu ofis. Shekara biyu ke nan tana lura siririn sauti ya daina shigar masa. Butar shayi ta yi ta yin fito a kan wuta yana zaune kusa da ita, ko gezau. A wurin aiki kuwa kullum hannunsa na kan mikisa, na'urar daidaita sauti, yana ƙara siririn sautin, yana mita wai sauti ya dushe. Auta ta san ranar da ya gane, ranar zai tashi daga bayan mikisar nan, kuma tun rasuwar mahaifiyarta ba shi da wani wurin zama a duniya sai nan. Don haka ta ja bakinta ta yi gum, ta je ta sayo na'ura.

Wani siririn akwati ne baƙi, ana sa shi tsakanin mikisa da amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi. Shi ke raba sauti: mai kauri ya tura shi manyan lasifikan ƙasa, siriri ya tura shi ƙananan na sama, waɗanda 'yan sana'a ke kira tuwita. A cikinsa kuma akwai limita, wadda in ƙarfi ya wuce iyakar da aka sa mata sai ta danne shi kafin ya isa ga lasifika. Wuni guda Auta ta yi a shago tana saita shi. Ta karanta ƙarfin da aka rubuta a bayan kowace tuwita, ta yi lissafinta da fensir a jikin kwali, ta sa iyakar ƙasa kaɗan da abin da za su iya ɗauka, sannan ta kulle na'urar da lambobin sirri huɗu.

Tuwitocin nan huɗu ba na wasa ba ne. Shekarar da aka haifi Auta ya saye su, shi ya ƙera akwatunansu da hannunsa, mahaifiyarta ta ɗinka musu riguna da shuɗin tamfol. Masu yin irinsu sun daɗe da rufe kamfani.

"Takunkumi kika sa wa kayana, Auta?" in ji shi ranar da ya ga jar fitilar limita na ƙiftawa. "Ni da raina da kunnena?"

"Haba Baba, ai ba don kai ba ne. Don masu ihun nan ne a makirfo, kamar an taka musu ƙafa."

"Yaran zamani ke nan. Da ido kuke jin sauti." Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma tata iyakarta fatar baki.

Ranar da abin ya faru, bankwana ake yi wa shugabar wata makaranta da ta yi ritaya. Tun hantsi suka kafa kaya a zauren, Auta ta gwada kowane akwati ɗaya bayan ɗaya, ta duba limita, komai daidai. Zaure ya cika maƙil, har jikin tagogi. Baba na zaune bayan mikisa da tsohuwar hularsa, yana ta gunaguni.

"Sautin nan a kwance yake. Wannan akwatin naki ya shaƙe shi."

"Lafiya lau yake, Baba, wallahi."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Sai ga mai kula da zauren ya iso a guje yana cewa wani ya yi tuntuɓe da waya a bayan dandamali, makirfon mawaƙa ya mutu. Ta ɗauki jakar kayan aiki ta bi shi. Kan wayar ne ya tsinke, dole ta zauna a ƙasa ta fere shi ta sake haɗawa, ga ɗalibai mawaƙa sun jeru suna jira. Ba ta fi minti goma sha biyar ba.

Tana jona wayar ɗaliban suka ɗauki waƙa, sai ta ji sautin ya canza. Ya yi wani irin kaifi, kamar ana goga cokali a gindin tukunya. Ta leƙa ta gefen labule, ta ga mutanen sahun gaba suna toshe kunnuwa, wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe kai. Auta ta diro, ta shiga kutsawa cikin jama'a tana "gafara dai, gafara dai," amma ina! Kafin ta kai tsakiyar zaure kaifin ya yanke ɗif. Muryoyin yaran suka koma kamar daga ƙarƙashin bargo suke fitowa. Ba sai an gaya mata ba, ga ƙaurin ƙonewar kwayil, wayar da ke naɗe cikin tuwita, ya fara zagaya hanci.

Ta iso ta tarar da shi yana murmushi har kunne, irin murmushin da rabonta da gani tun mahaifiyarta na da rai. Fuskar na'urar a buɗe take. Ya kashe limita, ya ɗaga siririn sauti har ƙarshe.

"Kin ji?" ya ce. "Yanzu ya buɗe."

"Baba, ya aka yi ka buɗe ta?"

"Ƙarshen lambar wayar uwarki kika sa. Ni fa na saya mata layin nan." Ya kaɗa kai yana jin daɗin kansa. "Saurari yaran nan. Haka ake jan sauti."

Wayyo Allah. Tuwita huɗu sun mutu a gabansa, yana zaune yana yaba su. Tausayinsa ya hana Auta ko fushi. Ta miƙa hannu a hankali ta rage kauri don a riƙa fahimtar magana, haka aka lallaɓa aka gama taron. Shugabar ta yi jawabinta, na baya suna ta tambayar juna me ta ce.

Da la'asar suka sauke kaya a shago. Auta ta riga ta shirya ƙaryarta: za ta tura shi gida ya huta, ta nemo wasu tuwitocin ko na wane iri ne ta ɗaura, ai ba zai ji bambanci ba. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Baba yana da ɗabi'a tun kafin a haife ta, ba ya rufe shago bayan aiki sai ya gwada kowace lasifika da ƙaramin batir. A taɓa wayoyin biyu a jikinsa, in mai rai ce za ta ce ƙas.

"Baba, ka gaji. Bari gobe."

"Gajiya ba ta taɓa hana ni ba."

Ya zare shuɗiyar rigar akwatin farko, ya ninke ta yadda ya saba, ya kwance bayan. Ya taɓa batir. Sai ya ɗago ya dube ta.

A nan ne Auta ta fahimci abin da ya daɗe yana faruwa a gabanta. Shekara biyu ke nan duk ya taɓa batir sai ya dube ta, ita kuma ta gyaɗa kai, ya wuce ta gaba. Ashe kanta yake saurare. Yau kan ya ƙi gyaɗuwa. Ta tsaya riƙe da sukundireba, hawaye na zubo mata.

Ya jawo tsohuwar mitarsa ta gwada waya mai allura, ya ɗora a kan tuwitar. Allura ba ta motsa ba. Ya je ta biyu, ta uku, ta huɗu, yana kwance kowace da kansa, bai bar ta ta taimaka ba. Da ya gama ya kai hancinsa jikin ta ƙarshe ya shaƙa, ya daɗe a haka. Gani ya kori ji.

"Tun yaushe?"

"Tun waƙar farko, Baba."

"Ba su nake tambaya ba." Ya taɓa kunnensa da yatsa.

Ta so ta ce kwanan nan ne, ta so ta ce mura ce. Bakin ya ƙi.

"Shekara biyu."

"Shekara biyu," ya maimaita. "Kina ta gyaɗa mini kai." Ba faɗa yake ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya zauna a kan benci, ya ɗora tuwitar a cinya yana share mata ƙura da gefen rigarsa. "Mutane sun toshe kunne?"

"Wasu."

"Ni kuma ina murmushi."

Ta durƙusa gabansa tana cewa za a samu mai naɗa kwayil, za ta bincika, ai ba a rasa ba. Ya ce mata wanda ya iya naɗa irin wannan shi ne, kuma da kunne ake gane ta zauna daidai. Ya miƙe ya mayar wa akwatunan rigunansu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure igiyoyin. Sannan ya ɗauko baƙar na'urar, ya jona ta a wuta, ya tura ta gabanta a kan tebur.

"Mayar da takunkumin yadda kika sa shi. Ki canza lambar."

"Baba…"

"Kada ki sa ta uwarki, kada ki sa ranar haihuwarki. Ki sa wadda ban sani ba."

Ya juya mata baya, ya fuskanci bango kamar yaron da ake wasan ɓuya da shi. Auta ta danna lambobi huɗu, kowace na yin 'yar ƙara siririya. Ta gama, na'urar ta kulle. Shi kuwa yana nan tsaye fuskarsa a bango, yana jira, har sai da ta taso ta taɓa kafaɗarsa.