Kwana Uku Babu Muryar Lasifika

"Saki mana, Baba. Kafin rana ta faɗi zan dawo maka da abinka."

Baba Lasifika bai saki ba. Ya riƙe gefe ɗaya na tab ɗin gam, Injiniya ta riƙe ɗaya gefen. Can ya lalubi hoton guduma a kan gilashin ya danna, sai muryarsa ta dā ta cika ɗakin: "Ke dai ba ki iya komai ba sai ɓata kayan mutane!" Dariya ta biyo baya, ita ma daga cikin na'urar. Shi kuwa mai dariyar yana kwance, ƙashi da fata, da farin ƙyalle a kan ramin da likitoci suka bari a maƙogwaronsa.

"Kin ji ko?" in ji Mama, matarsa, daga bakin ƙofa, da tsumma a kafaɗa da kofi a hannu. "Mutum yana kwance ma bai bar tsokana ba."

Shekara talatin Baba ya yi yana kiran fasinja a tashar mota, kuma a can aka laƙaba masa Lasifika, don in ya yi atishawa a gida sai an ji a ƙarshen layi. Da ciwon maƙogwaro ya kama shi aka ce sai an cire wurin, wata ƙungiya mai taimakon marasa lafiya ta ba shi wannan babbar waya mai faɗin faranti, wadda ake ce wa tab. Mako guda kafin tiyatar suka zaunar da shi ya yi ta magana suna naɗa. Kowace magana aka ba ta hotonta, tunda Baba bai yi karatu ba: kofi na ruwa ne, taga ta iska ce, hula ta gaisuwa. Magana ɗari biyu da 'yan kai ya naɗa, kuma rantsuwa ba kaffara rabinsu tsokana ce. Ta guduma kuwa ta Injiniya ce ita kaɗai, mai shagon gyaran waya da ke manne da katangarsu.

Yanzu ƙungiyar ta tattara nata ya nata ta tafi, ta bar tab ɗin yana neman iyayen gidansa. Kullum sai ya fito da jan rubutu ya kulle kansa, sai an kashe an kunna. Da safiyar nan rubutun ya ce saura kwana biyar ya rufe gaba ɗaya.

"Baba, ka saurare ni," Injiniya ta ce. "Makulli suka sa masa a ciki. Zan fasa shi, shi ne muke ce wa rutin, in kwashe muryarka in ajiye. Sai in goge manhajarsu in zuba masa wata wadda ba ta da uban gida, in mayar da muryar. Aikin awa uku ne. Na yi irinsa ya fi a ƙirga."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya danna hoton hula, "Allah ya kiyaye hanya," ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Mama ba ta tsaya ganin ƙarshen cinikin ba. Ta riga ta koma wanke-wanke. Ita ba ta taɓa kallon gilashin nan ba, da kunne ta san shi. Daga madafa take jin "ruwa" ta kawo, ta ji "taga" ta buɗe, ta wuce wani aikin. Tun da ya kwanta ba wanda ya taɓa ganin ta zaune.

A shago komai ya fara da daɗi. Injiniya ta ture gawarwakin wayoyin da ke kan tebur, ta haɗa tab ɗin da kwamfutarta, kafin rana ta take makullin ya fashe. Ta kwashe muryoyin kaf ta zuba a katin ajiya. Ta gwada ɗaya a wayarta, sai shuuu kawai take ji, ashe an ɗaure su ne da wannan tab ɗin, ba sa buɗewa a ko'ina sai a cikinsa. Bai dame ta ba, ai cikinsa za su koma. Ta juya bayansa ta karanta lambar samfurin da ke jikin murfi, ta sauko da manhajar da ta dace da lambar, ta danna. Koren layi ya tafi sumul har ƙarshe. Tab ɗin ya mutu don ya sake tashi.

Bai tashi ba.

Ta danna maɓallin kunnawa, ta haɗa shi da na ƙara sauti, ta canza wayar haɗi, ta canza ramin da take soka ta. Gilashin baƙi ƙirin, ba abin da take gani a ciki sai fuskarta. Ta sake juya bayansa tana duba lambar, sai idonta ya faɗa kan wani ɗan tabon gam a kusurwa. Gam ɗinta ne. Bara Baba ya yar da tab ɗin murfin ya tsage, ita da hannunta ta cire murfin wani mataccen tab mai kama da shi ta manna masa, har ta ƙi karɓar godiya. Lambar da ta karanta ta wancan mataccen ce. Ta zuba wa na'urar abin da ba nata ba.

Gumi ya karyo mata. Da wani ne ya yi wannan wauta, da ta yi mako tana ba da labarinsa a layin masu gyara.

Da yamma ta shiga gidan hannu wofi. Idon Baba bai kalli fuskarta ba, hannunta ya kalla.

"Baba, an samu 'yar matsala. Muryar tana nan lafiya, wallahi tana nan. Gobe."

Leɓunansa suka motsa, iska ta fito ta ƙarƙashin farin ƙyallen, fiii, ba kalma ko ɗaya. Ta san abin da zai danna da abin yana hannunsa, kuma da ta ji shi da ta fi samun sauƙi.

Mama ta kawo cokali da kofin ƙarfe ta ajiye masa. "In kana son abu ka buga." Ta rako Injiniya zuwa ƙofa, ta rage murya. "'Yar nan, shekara arba'in ina roƙon mutumin nan ya yi magana a hankali. Yau gidan ya yi shiru har kunnena yana ƙara. Ki taimaka."

Goben ta zo ta wuce. Injiniya ta ɓare murfin, ta karanta lambar gaskiya a jikin allon ciki, ta shiga zaurukan intanet inda masu irin wannan aiki suke taruwa. Samfurin tsoho ne, duk inda ta danna sai a ce fayil ɗin ba ya nan. Ta rubuta roƙo a wuri huɗu. Wani ya ce ta jefar ta sayi sabo. Wani ya tambaye ta wa ya aike ta taɓa abin da ba ta iya ba. Masu kawo gyara suka yi ta zuwa tana sallamarsu, ta katanga kuma tana jin cokali a jikin kofi, kwal, kwal, kwal, da takun Mama tana gudu. Wani lokaci bugun yakan tsaya da wuri. Wani lokaci ya yi ta yi, ka san ba a gane abin da yake so ba.

Ranar ba ta iya shiga gidan ba. Kunya ta hana ta, kuma wannan ma ta ƙara shi cikin abubuwan da ba za ta yafe wa kanta ba.

A rana ta uku da hantsi wani bawan Allah da ba ta san ko a wace ƙasa yake ba ya amsa mata. Ya ce yana da fayil ɗin a tsohuwar kwamfutarsa, ya turo, ya kuma nuna mata ɗigo biyu na tagulla a jikin allon da za ta haɗa da hantsaki don matacciyar na'ura ta karɓi magana. Fayil ɗin babba ne, sabis kuma yana jan ƙafa. Ta zauna tana kallon lamba tana hawa, ashirin, talatin da biyu, hamsin. Ta katanga cokali ya fara, amma ba ƙarfi. Ta ji an buɗe taga, ta ji an ja kujera, ta ji Mama tana cewa, "Mene ne? Wannan? To wannan?" Sai cokalin ya faɗi ƙasa.

Da fayil ɗin ya sauka ta ɗora bakin hantsaki a kan ɗigon biyu, ta soka wayar haɗi, kwamfutar ta yi ƙara alamar ta ga tab ɗin. Koren layi ya fara tafiya. Yana tsakiya Mama ta faɗo shagon ba takalmi.

"Zo ki gani, ban gane me yake so ba! Zo ki duba mini!"

"Mama, in na saki yanzu ya mutu har abada. Minti biyu."

Mama ta tsaya a kanta tana haki, tana kallon layin da ba ta san ma'anarsa ba. Minti biyun suka zama huɗu. Da ya cika suka fita tare da gudu. Sun tarar da ɗakin kamar yadda Mama ta bar shi, taga a buɗe, kofi cike da ruwa, filo biyu a bayansa. Hannunsa na dama yana kan bargo, yatsa ɗaya a miƙe. Baba ya riga ya tafi, ba kowa a kusa da shi.

Mutanen layi suka cika gidan, tsofaffin direbobi suka zo daga tasha, aka ɗauke shi kafin rana ta yi sanyi. Injiniya ta koma shago don ta rufe, ta tarar da tab ɗin ya tashi, gilashin yana haske, yana jiran a taɓa shi. Ta mayar da muryoyin daga kati. Hotunan suka jeru kowanne a mazauninsa, ba jan rubutu, ba makulli. Aiki ya yi kyau, irin wanda ake nuna wa abokan sana'a. Ta danna guduma don gwaji.

"Ke dai ba ki iya komai ba sai ɓata kayan mutane!"

Dariyar ta zagaya shagon. Ta kifa kanta a kan tebur cikin ƙananan sukurori ta yi kuka mai isarta.

Sai da baƙi suka ragu, bayan kwana huɗu, ta iya ɗaukar tab ɗin ta shiga. Ta tarar da Mama a ɗakin tana ninke zanen gadon da ta riga ta ninke.

"Mama, ga shi. Laifina ne. Ni na karanta lambar da ba ita ba, ni kuma na tsayar da ke."

"Bar wannan maganar, kwanansa ne ya ƙare." Ta ajiye zanen, ta ɗauki tsumma ta hau goge kan akwati. "Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tun kafin cokalin ya faɗi ya fara danna bargo da yatsa, kamar abin yana kan cinyarsa. Wuri ɗaya, nan ƙasa, ta dama. Na kawo ruwa ya kau da kai. Na buɗe taga, na ɗaga filo, na kawo magani, na shafa masa ƙafa. Yana ta dannawa yana kallona. Shi ne na fita kiranki." Ta juyo. "Mene ne a wurin?"

Injiniya ba ta sani ba. Ta kunna, suka duba tare. A kusurwar ƙasa ta dama akwai hoton 'yar kujera.

"Danna," in ji Mama.

"Ke za ki danna, Mama."

Mama ta goge yatsanta a jikin zane, ta taɓa gilashin a karo na farko. Muryar ta fito, kuma ba ta tasha ba ce. A hankali ya naɗi wannan, kamar mai gudun kada na waje su ji.

"Ajiye tsumman nan ki zo ki zauna kusa da ni. Aikin ba ƙarewa zai yi ba."

Mama ta san maganar. Ta sha jin ta daga madafa, ta sha amsawa da "ina zuwa, bari in gama." Ba ta dai taɓa sanin inda take a jikin gilashin ba.

 Injiniya ta ja da baya zuwa bakin ƙofa. Mama ta dubi tsumman da ke hannunta, ta rataye shi a kan ƙarfen gado. Ta ɗauki tab ɗin ta kwantar da shi a kan bargo, daidai inda cinyarsa take zama, sannan ta zauna a gefen katifar, ta ɗora hannuwanta a kan gwiwa. Gilashin ya yi ta haske na ɗan lokaci, ya dushe, ya mutu, ita kuwa tana nan zaune.