A Gaya wa Ƙudan Zuma

"Me take cewa kuma?" Alain ya tambaya. Yana tsaye bakin gadon mahaifiyarsa, ko jakar da ya taho da ita daga Lyon bai sauke ba.

Bintu ta sunkuya ta kasa kunne. Tun da ciwo ya kwantar da Madam Claire, Faransancin da ta tsufa tana yi ya gudu ya bar ta, sai Turancin ƙauyensu na Ingila. Ɗan nata kuwa Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Duk benen nan na unguwar Goutte d'Or a Paris, Bintu 'yar Zariya ce kaɗai ke jin ta, wadda tsohuwar ta rena mata jaririnta har Bintun ta gama jami'a.

"Cewa take a gaya wa ƙudan zuma."

Alain ya girgiza kai, ya ce zafin ciwo ne. Bintu ta san ba haka ba ne. Ta sha labarin ƙauyen nan har ta haddace: cocin dutse da ya girmi kakan kowa, tafkin agwagi, injin niƙa na bakin rafi da ya daina juyawa tun Claire na ƙarama. A can, in an yi mutuwa, wani na gida ke zuwa ya ƙwanƙwasa amya ya sanar da zuma, in ba haka ba wai su yi fushi su tashi. Claire ce ta kai musu labarin rasuwar babanta. Tsoronta ke nan, ta mutu a ƙasar mutane babu mai kai nata.

Bintu ta riƙe hannunta ta yi mata alkawari. Ranar Laraba da hantsi tsohuwar ta cika.

To, ina zuma a Paris? Mounkaila mai shagon waya ya yi dariya son ransa. "Hajiya, gaisuwar mutuwa har wurin ƙwari?" Da ya ga idonta sai ya rufe shago, ya raka ta wani lambun unguwa a Saint-Denis inda ake kiwon zuma.

Akwatunan zuman na jere jikin katanga. Ta tsaya kunya na cin ta, ba ta ma san da wane harshe ake yi ba. Ta ƙwanƙwasa a hankali, ta yi sallama.

"Madam Claire ta rasu," ta ce da Hausa. "Mutuniyar kirki ce. Ban gama gode mata ba."

Sai a nan kuka ya zo mata. Zuma suka ci gaba da shige da ficensu, ɗaya ya sauka a bakin mayafinta ya ɗan zauna.