Inuwar Mangwaron Auta

Tsohon maƙeri ya tsaya tsakar gida, hannu a ƙugu, yana hararar mai haɗa sola da ya sauko daga kan rufi yana kakkaɓe wando. Gidan yana bayan gari, inda turakun lantarki ba su taɓa leƙowa ba. Allurar ciwon sukarin matarsa kuwa sai da sanyi. A gindin randa ake ajiye ta, har zafi ya lalata wata kwalba, matar ta kwanta asibiti. Don firji kaɗai ya kira mutumin, ba don fanka ko talabijin ba.

"Baba, rufin lafiya lau," in ji mai solar. "Amma da rana ta ɗan karkata, inuwar mangwaron can ta lulluɓe shi. Farantin sola ba zai sha rana ba, batir ba zai cika ba, firjin ya mutu kafin gari ya waye."

"To ƙara faranti mana!"

"Ko nawa na jera, a inuwa za su zauna."

"Kafa su a ƙasa."

"Ƙasan ta fi muni. Sai dai a sare rassan nan."

Jijiyar wuyan maƙeri ta miƙe. Mangwaron yana bayan katanga, a gidan Auta, ƙanensa. Tun rabon gado, da katanga ta bar itacen a ɓangaren Auta, ko gaisuwa ba ta haɗa su.

"Ni in je ƙofar wannan mara kunyar? Yaron da na goya? Tattara igiyoyinka ka ba ni wuri!"

Matarsa na zaune bakin ƙofar ɗaki, ƙafafu a kumbure. Ba ta ɗaga murya ba.

"Bar shi ya tafi, Malam. Randar ma ai tana ƙoƙari."

Da zagi ta yi masa, da ya fi sauƙi. Ya yi tsaki, ya shuri bokiti, ya zura takalmi hagu a dama, ya fice.

Ya tarar da Auta yana gyaran keke a zaure. Sallamar da ya yi kamar jifa.

"Yaya? Yau kuma hanya ta ɓace maka?"

"Itacenka ya tare mini rana."

"Rana kuma? Ita ma tana cikin gadon?"

Maƙeri ya haɗiye fushinsa.

"Maganin matata ne ke lalacewa. Ba don kaina na zo ba."

Auta ya ajiye sufana, ya daɗe yana goge hannu a tsumma. Can ya miƙe ya ɗauko gatari bayan ƙofa.

"Na sani. Da don kai ne, wani zan ƙara dasawa."

"Dasa mana! Ka ga in ban ƙone shi ba."

"Mu je ka riƙe mini tsani, Yaya. Kada kuma ka sake shi."

"Sai ka gama sara tukuna," in ji maƙeri, ya shige gaba.