Allura Mai Rauni Don Haƙorin Nuriyya

Baba Mahaman ne ya fara gano ciwon jikarsa Nuriyya, kafin kowane likita a Bangui. Shi ya riƙe wuyan hannunta ya ji shiru, babu bugun jini. Sai daga baya asibiti suka ce jijiyoyin jininta ne ke kumbura suna tsukewa. Yau kuwa haƙori ne. Kunci ya haye, ko koko ba ya wucewa, ga likitar haƙori za ta rufe kafin sallar Juma'a, sai Litinin.

"Baba, allurar kashe zafi irin tata ta ƙare mana," in ji likitar. "Je farmasi, ka ce wadda babu adirenalin."

Ya haye moto, babur ɗin haya. Manyan motocin Kamaru sun toshe bakin kasuwar Kilomita Biyar, ya sauka ya kutsa da ƙafa.

Mai farmasi ya ajiye kwali biyu. "Ga wadda aka ce, amma ba ta jimawa. Wannan ce mai ƙarfi, baki zai mutu har la'asar."

Mahaman, wanda harsashi ya huda masa kwanon ɗaki bai bar unguwarsu Yakité ba, shi zai kai wa jikarsa mai rauni? Ya ɗauki mai ƙarfi.

Likitar ta juya kwalin, ta miƙa masa. "Ƙarfin nata matse jijiya ne, Baba. Na Nuriyya kuwa sun riga sun matse."

"Angona," Nuriyya ta ce ta gefen baki, "kashe ni za ka yi ka auri wata?"

Mahaman ya karɓi kwalin. Ya koma da gudu-gudu, mutane na shimfiɗa tabarmi a titin Koudoukou yana tsallakewa. Mai farmasi na jan ƙofa.

"Ba ni mai raunin."

"A'a, Baba, ɗazu ka ce..."

"Ba ni."

Aka yi allura. Saiwar haƙorin ta yi gardama, maganin ya fara saki kafin ta fito. Nuriyya ta danƙe hannunsa, faratanta suka nutse, tana nishi. Ya tsaya mata ƙyam har aka ji ƙarar haƙori a faranti.

Likitar dai na cewa tun da aka ɗauko filaya ya runtse ido, sai da aka ba shi kujera da ruwa. Duk wanda ya yarda da ita, ya zo Yakité ya faɗa a gaban Mahaman.