Koriya ko Fara

Motoci biyu Auta, ƙanin mijina, ya ware mana a bayan shagonsa, ya sa an wanke su har suna ɗaukar ido. Ɗaya koriya ce, tsohon yayi, mai faffaɗan goshi da ɗan tsatsa a gindin ƙofa. Ɗayar fara, ba sabuwa ba ce, amma ta fi waccan ƙuruciya nesa ba kusa ba. Duka biyun masu jan ƙafa huɗu ne, irin waɗanda ke shiga laka da yashi su fita, domin aikina ba na kan kwalta ba ne. Allurar dabbobi nake yi. Inda garke yake nan nake zuwa, kuma ban taɓa ganin makiyayin da ya zaɓi mazauni don tausayin mota ba.

Mijina direbana ne tun kafin ya zama mijina. Shi ke tuƙi, ni ke rungume da akwatin magani, muna tafe muna faɗa a kan hanyar da ta fi kusa. Yana kirana Likitan Awaki, ina kiransa Direba, har 'ya'yanmu suka girma suka watse ba mu sake suna ba. Motarmu ta da, wadda muka tsufa tare, injinta ya buga lokacin da Direba ke kwance a asibiti. A makon da bakanike ya ce mu haƙura da ita, a makon ne likita ya ja ni gefe yana ta zagaye-zagaye. Na sha gaya wa masu shanu irin wannan maganar, don haka tun daga farkonta na san ƙarshenta. Ciwon hantarsa ya fi ƙarfin magani. Mu koma gida, ya ci abin da yake so, a ci gaba da addu'a. Shi ma Direba an gaya masa. Muka dawo gida kowa ya kama bakinsa, kamar in ba a ambata ba abin zai manta da mu.

Shi ya matsa mu zo ganin mota. Na ce ya bari ya ƙara jin ƙarfi, ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya sa hularsa ya ɗauki sanda. Rigar da a da ke kama masa kafaɗa yanzu rataye take a jikinsa kamar a kan ƙusa.

"Matar Yaya, yau ke ce sarauniya," in ji Auta, yana karkaɗa makullai biyu. "Zaɓi wadda ranki ke so. In kin ga dama ki haɗa da mai shagon."

"Mai shagon ya sha mai da yawa," na ce. "Ba ni koriyar."

Ban ko kalli farar ba. Ina ganin koriyar na san irin tamu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga wanda bai san irin waɗannan motocin ba, a tsakiyar kowace tayar gaba akwai wani ɗan murfin ƙarfe. In hanya ta ɓaci, sai an tsaya mutum ya sauka ya murɗa shi da hannu, hagu da dama, sannan tayoyin gaba su kama ja. Wannan saukar aikina ce tun ina amarya. Direba yana zaune a kan sitiyari kamar alƙali, ni kuwa in tattare zani in tsunduma cikin taɓo, in tsuguna in murɗa, in zagaya in murɗa ɗayan. Na yi ta da ciki, na yi ta da goyo, na yi ta ruwan sama na dukana. Babu irin mitar da bai sha ba. Na ce masa da na sani da mai keke na aura. Shi kuwa sai ya leƙo ta taga ya ce, "Likita, kin bar takalminki ɗaya a can."

Farar ba ta da wannan murfin. Wani maɓalli ne a kusa da giya, ka danna kana zaune, shi ke nan. Irinta ce Direba ya yi shekaru yana yi wa dariya. Yakan ce motar ragwaye ce, ranar da wayar cikinta ta tsinke a daji sai dai mutum ya zauna ya yi mata waƙa. Shi ya sa na saki baki da na ga ya wuce koriyar ko shafa ta bai yi ba. Ya je ya buɗe ƙofar farar, ya sa Auta ya ɗaga masa bonet, ya sunkuya yana dogare da sanda yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya da yatsa.

"Wannan za mu ɗauka," ya ce.

"Wacce?"

"Kin ji ni."

"Kai da bakinka? Motar ragwayen?"

"Na tsufa, na zama rago."

"To ni ban tsufa ba. Koriyar nake so."

Auta ya dube ni ya dubi yayansa. "Ikon Allah. Ke da kika cika mana kunne da ciwon gwiwa saboda murɗa taya? Yaya da ya ce ko kyauta aka ba shi mai maɓalli sai ya sayar ya sayi jaki? Ko dai kun yi musayar kawuna ne a hanya?"

Babu wanda ya yi dariya a cikinmu. Na shiga kawo dalilai. Na ce koriyar kowane bakaniken ƙauye ya san cikinta. Na ce kayan gyaranta ko a bola ana samu. Na ce ta fi tsayi, ta fi faɗin baya, akwatin ƙanƙarar magani zai zauna daidai. Duk maganganunsa ne na da nake mayar masa, har da yadda yake faɗarsu. Ya tsaya yana saurare yana gyaɗa kai, bai katse ni ba, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Wannan shirun ya fi komai ƙona mini rai.

"A gwada su," ya ce da na gama. "Auta, kwarin nan na bayan makera yana nan?"

"Yana nan, Yaya, ya ma ƙara lalacewa. Amma jikinka..."

"Jikina ba shi zai hau ba, mota ce za ta hau."

Kwarin wani tsohon ramin ɗibar ƙasa ne a ƙarshen layin masu walda. Hanya ta gangara cikinsa, ta ratsa wani kwantaccen ruwa, ta haura ɗaya gefen a tsaye, duk zaizaya da duwatsu. Nan direbobi ke kai mota in suna so su san gaskiyarta. Muka fara da koriyar. Ni na tuƙa, don tun da ya kwanta ni ke tuƙi. Shi ya koya mini tun da daɗewa, sai dai a hanya mai kyau kawai yake ba ni, wurin wahala nasa ne. Ya zauna a gefena, a kujerar da ta kasance tawa.

Muka gangara, muka ratsa ruwan, muka fara hawa. A tsakiyar hawan tayoyin baya suka soma juyawa a banza suna watsa laka. Na taka birki, na ja na hannu, na buɗe ƙofa na sauka. Wallahi daɗi na ji da ƙafata ta nutse. Na tsuguna na kama murfin, ya yi tauri, na cije na murɗa har ya ce ƙas. Na zagaya ta gaba na murɗa ɗayan. Na miƙe ina share hannu a zani, ina jiran ya leƙo ya yi mini tsiyar da ya saba.

Bai leƙo ba. Ta gilashi na hango shi ya karkato gaba ɗaya, ya riƙe birkin hannu da hannuwansa biyu, ya ja shi iya ƙarfinsa. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Motar tana ɗan ja da baya a hankali, tana kuka ƙasa-ƙasa. Na yi tsalle na shiga na danne birkin ƙafa. Sai da ya jima yana haki kafin ya iya sakin hannunsa.

"Duk irinsu haka suke a kan tudu," ya ce. "Birkin hannunsu ba ya riƙewa. Tamu ma haka take. Ba ki sani ba ne, don duk lokacin da kika sauka ƙafata na kan birki."

"Sai a gyara."

"An gyara, an sake gyarawa. Likita, dube ni. In kin sauka kina tsugune a gaban taya, wa ke kan sitiyari?"

"Kai."

"Yau ni ne."

Na kifa kaina a kan sitiyari. Ina so in ce masa ya yi mini shiru, ina so in ce likitoci ba Allah ba ne, ina so in zage shi kamar yadda na saba. Ni ba mota nake zaɓa ba, kuma ya sani. Koriyar sai da mutum biyu take tafiya, shi ya sa nake son ta. Ina ganin in na saye ta, dole ya zauna ya taka mini birki.

Na sa ƙaramar giya muka haura, muka zagaya muka koma shago. Auta ya ga idona, ya miƙo makullin farar.

Da muka sake isa gindin kwarin, daf da ruwan, Direba ya ce in tsaya. Ya buɗe ƙofa ya sa sandarsa a ƙasa.

"Ina za ka?"

"Zan zauna a kan dutsen can. Ki hau ke kaɗai."

"Ba inda zan je."

"Za ki je. Ina so in gani da idona. Kada ki jira sai ta kafe, tun daga nan za ki danna. Ki riƙe giya ɗaya, kada ki canja a tsakiya. In ta zame hagu kada ki yi faɗa da ita, ki bi ta a hankali ki dawo da ita. Ba kamar yadda kike yi da ni ba."

Ya sauka da ƙyar, ya rufe ƙofar, ya bubbuga ta da tafin hannu kamar yadda ake sallamar mota a tasha. Na jira har ya kai dutsen ya zauna. Na danna maɓallin. Wata 'yar fitila ta kama a gabana, ba ƙara, ba komai.

Allah ya sani, addu'a na yi ta kafe. Na roƙa wayar ta tsinke, injin ya mutu, taya ta fashe, ko mene ne, don in sauko in ce masa ka gani, ba zan iya ba. Motar nan ta ratsa ruwan kamar ba ruwa ba. Ta kama hawan, ta zame hagu kaɗan, na bi ta na dawo da ita yadda ya ce. Ta taka duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ko tari ba ta yi ba. Kafin in ankara ina kan tudu, a gaban wani shagon mai faci, ban taka laka ba, ban tattare zani ba. Ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsani motar nan a lokacin ba.

Na duba madubi. Yana can ƙasa, ɗan ƙarami a kan dutse, ya ɗaga sandarsa sama yana kaɗa mini. Murna yake yi, murna ta gaske. Na kashe injin na yi kuka mai sauti, irin wanda ban yi a asibiti ba, ban yi a gida ba. Mai facin ya taso ya leƙo ya ce, "Baba, lafiya? Motar ce ta lalace?" Na ce masa a'a, lafiyarta ƙalau.

Na wanke fuska da ruwan gora na gangara na ɗauko shi. A hanya yana ta yabon yadda na riƙe giya. Da muka isa, Auta ya kawo masa kujera, ya tsaya yana kallona, makullin koriyar a hannunsa.

"Matar Yaya, wacce?"

"Farar," na ce.

Direba ya sauke ajiyar zuciya ya jingina da bango, kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ya sha ruwa kaɗan. Sannan ya shiga lissafa wa Auta abin da za a yi mata: a canja batir, a sa sababbin tayoyi masu manyan haƙora, a ɗaura igiyar ja a baya, a nemo jak mara nauyi wanda mace za ta iya ɗagawa. Auta yana ta cewa to, Yaya, to, Yaya.

"Sai kujerar direba," ya ce. "Na ga tana miƙa ƙafa kafin ta kai birki. Ka matso da ita gaba daidai tsawonta."

"Ai tana da ƙarfen da ake ja a matsar da ita, Yaya. In kai za ka tuƙa sai a mayar da ita baya."

"Ƙarfen yana da wasa, na ga tana motsi da muke haurowa daga kwarin. Ka sa a ɗaure ta da noti a wurin, kada ta sake motsawa."

Auta ya juya ya shige cikin shago, wai zai nemo sifana. Ya daɗe bai fito ba.